Kokawarmu da garmani a hurumin gari

Garinmu yana ƙasar Mayahi, ba nisa da Gulbin Kaba, kuma gabas da gari akwai hurumin da kakanninmu suka bar wa dabbobi. Burtali ya bi ta gefensa. Ta nan shanun Fulani ke haurawa arewa wajen Dakoro da Bermo in damana ta faɗi, ta nan kuma suke gangarowa bayan an saki gonaki. Ina yaro, in na kai awakin Inna can, ƙarangiya ce ke hana ni sakat, sai na zauna bakin hanya ina cire ta daga wando ɗaya bayan ɗaya. Yau shekara 4 ke nan da na tsaya tsakiyar wannan hurumi cikin watan Agusta, ƙasa kore shar har inda ido ya tsaya, amma bijimaina biyu na amalanke suna ta zagaye ba abin da suke tsinka. Garmani ya rufe ko'ina.

Wanda bai san garmani ba, in ya hango shi daga nesa, cewa zai yi Allah ya yi wa garin nan albarka. Ganyensa da laushi kamar an barbaɗa masa gari, furensa ƙanana masu ruwan ɗorawa, tsayinsa yakan kai ƙugun babba. Masu ilimin tsirrai Sida cordifolia suke ce masa. Saniya takan shinshina shi ta wuce. Akuya ma, da ba ta raina komai, sai yunwa ta kai mata karo take ɗan taɓa busasshen ganyensa. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai, ƴaƴansa ba sa ƙidayuwa, kuma dabbobin da ba sa cin sa su ne ke ɗaukar masa iri daga wuri zuwa wuri. Tun daga Gidan Rumji har Tasawa, da wuya ka bi burtali ba ka tarar ya yi kane-kane ba. Amfaninsa da na sani bai wuce igiya da ɗan shinge ba.

Maigari ya tara mu ƙofar gidansa bayan la'asar. Wasu samari suka ce tun da dabba ba ta samun komai a wurin, a raba shi a yi gonaki kowa ya huta. Maganar ta yi wa mutane da yawa daɗi, don gado ya yanyanka gonakinmu har wani bai da inda zai shuka tiya biyu. Maigari ya bar su suka gama, sannan ya ce duk wanda ya yi wayo a 1991 ya san abin da ya faru a Toda, inda rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da 100, kuma ba a zamaninsa za a toshe wa shanu hanya ba. Nan take ya aika aka kirawo arɗo da dattawan rugar da ke kusa da rijiyarmu. Ni aka miƙa wa alƙalami, saboda na ɗan yi lakwal, na zama magatakardan kwamiti. Sawu uku muka yi zuwa ma'aikatar magajin gari kafin ƴan kofo, wato hukumar da dokar karkara ta 1993 ta ɗora wa sha'anin filaye, su zo su zagaya tare da mu a kafa turaku. A nan aka gane gonaki biyar sun ci cikin hurumi, ɗaya ta kawuna ce. Wannan magana ta ɗauki watanni, ba zan tone ta a nan ba, an dai daidaita.

Aikinmu na farko asara ce, kuma da hannuna a ciki, don ni na matsa a yi gayya tun zuciyar mutane na da zafi. Muka fita ƙarshen Satumba da kalangu, maza da mata, muka tuge garmani muka tara tsibi-tsibi muka cinna wuta. Muka haɗa kuɗi aka sayo irin kyasuwa, saboda ita ce mai tsayi mai cika ido, muka watsa da ruwan fari na shekara mai zuwa. Abin da ya tsiro ya karya mana gwiwa. Garmani ya dawo fiye da da, a cunkushe kamar an yafa shi, kyasuwa kuwa ba ta kama ba sai ƙarƙashin kalgo da sabara inda take samun inuwa.

A bakin rijiya na tarar da wani dattijon Bafulatani, wanda duk garin ke kira Baffa, yana shayarwa. Na gaishe shi, na ce: "Baffa, ina muka kuskure?"

Ya ce: "Malam, kun kashe shi bayan ya haihu. Duk jijjigar da kuka yi masa, shuka kuka yi masa. Sannan kun zuba haki ɗaya. Wa ya taɓa riƙe garke da haki ɗaya?"

Ya ce in zo gobe da sassafe. Kwana uku muna yawo ni da shi, ba cikin hurumi ba, don can babu abin gani. Iyakokin gonaki muka bi, da gindin gawo, da gefen tsohuwar maƙabarta inda dabba ba ta shiga. Abin da ya nuna mini duk na san sunansa tun ina yaro, amma ban taɓa lura cewa kowane da watan da yake ciyarwa ba.

Tsidau shi ke fara fitowa da yayyafin fari, a wuraren da aka tattake kusa da rijiya, kuma duk da ƙayarsa shi ke tsayar da tumaki da raƙuma a ƙafafunsu kafin sauran su farka. Gamba ma tana riga kowa, amma ta wata hanya: ita ba ta mutuwa da rani, gindinta na nan da rai, saiwarta can ƙasa, da ta ji sanyin ruwa sai ta tofo. Wannan tohon na gamba, in ji Baffa, shi ke raba saniyar da za ta ga damana da wadda za ta kwanta a bazara. In ta tsufa ta yi kara, amfaninta ya koma zana da rumbu, shi ya sa iyayenmu ke barin ta a iyakar gona. Bayan su sai guɗe-guɗe da harkiya, masu taushi, abincin doki da ɗan maraƙi, amma ba sa jimawa, da kaka ta yi sun ruɓe sun bi iska.

Da muka zo kan ƙarangiya sai ya tsuguna ya shafa ta. Ni da na taso ina tsine mata, na ji dattijo yana yabon ta kamar ƴarsa. Tun tana ɗanya, kafin ta fid da ƙaya, shanu ba su da abin da ya fi ta sa nono. In ƙaya ta nuna sai su kauce mata, ita kuma ta samu ta zubar da iri. Can cikin ɗari, ƙaya ta kakkaɓe, su dawo su ci karanta har bazara. Kenan ƙayar da muke ƙi ita ce ke ajiye wa dabba abincin rani, ita ce kuma ke maƙale wa gashin tunkiya ta kai iri wani wuri. Ya tuna mini cewa a shekarun yunwa mutane ma sun sussuke ta sun ci ƙwayarta, kuma na sha jin haka daga bakin Inna in tana labarin yunwar El Buhari ta 1984.

Komayya kuwa ita ce sarauniyar jigawa. Siririya ce, kanta kamar hayaƙi in iska na kaɗa shi, tana bushewa a tsaye ba ta ruɓewa da wuri, kuma dabba na cin ta har gindi. Ita ce dammunan da ake jibgewa a kasuwannin Maraɗi in azumin dabbobi ya yi tsanani. Kyasuwar da muka kashe wa kuɗi tana da kyau tun tana ɗanya, amma da ta yi bunu sai ta zama itace, kuma ba ta son fili tsirara. Sai ƙananan nan biyu masu rarrafe da ido ke tsallakewa, gadagi da marak. Su dangin wake ne, su ne miyar hurumi. Busasshen haki cika ciki kawai yake yi, gadagi ne ke sa ƙiba, shi ya sa mai kiwon ragon layya ke biyan sa da tsada. Marak yana da nasa sharrin: in dabba ta shigo da yunwa ta cika ciki da shi yana ɗanye da raɓa, cikinta na kumbura, wani lokaci kafin a ɗauko wuƙa ta tafi. Baffa ya ce ba a kai garke cikinsa sai rana ta ɗaga, kuma sai an fara bi da su ta wani haki.

Daga baya malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya ƙara mini da lissafi. A ma'auninsu, saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar kilo 6 da kwata na busasshen haki kowace rana. In ka buga da wata 9 na rani, ya kusa tan 1 da kilo 700. Kuma abin da ke tsaye a fili ba duka ke shiga cikin dabba ba, wajen kashi ɗaya cikin uku suke ƙidayawa, sauran na gara ne da iska da kofato. Da na ji haka na daina mafarkin huruminmu zai riƙe dabbobin gari shekara. Abin da zai iya shi ne ya tsallakar da su watanni biyun nan na bazara, daga lokacin da kara da harawa suka ƙare zuwa saukar ruwa.

Da kaka ta yi muka shiga neman iri, kuma wannan aiki mata da yara ne suka ɗauke shi. Sai da na je wurin liman na ce: "Allah gafarta Malam, ya halatta mu ɗebi irin haki a gefen maƙabarta?" Ya ce a tsaya bayan shinge, kada a taka kabari. Komayya zarge kanta ake yi da hannu a zuba a ƙwarya, ko a share ƙasar gindinta da tsintsiya a haɗa da rairayin. Ƙarangiya tsohon bargo ake ja a kanta, a dawo gida a kankare da tsinken kara, kuma duk wadda ta yi wannan aiki yatsunta sun ba da labari. Gadagi muka roƙi masu gonaki su bar mu mu share inda suka tara shi. Uwargidana ita kaɗai ta tara rabin buhun komayya, tana fita bayan ta sauke tukunya. Muka samu buhu 9 gaba ɗaya, muka shanya su sosai, muka ɗora kan rumfa cikin shigifar Maigari, aka zuba toka a gindin ƙafafun rumfar saboda gara.

Ba mu rufe hurumin duka ba. Arɗo ne ya kawo wannan shawara, kuma ita ta tsare mu daga faɗa: aka ware kashi ɗaya cikin uku, aka bar burtali da hanyar rijiya a buɗe. Wannan karon mun jira har garmani ya kai tsawon ɗan yatsa zuwa taƙi, cikin Yuli, washegarin ruwa mai yawa, ƙasa na da taushi. Ƙananan muka bi da hauya mai doguwar ƙota, manyan da suka kwana daga bara muka tuge da hannu har saiwa. Wahalar ita ce lokacin ya haɗu da noman fari, kowa hankalinsa na gonarsa, don haka muka sa ranar Juma'a da safe kawai, kowane gida mutum ɗaya. Irin kuwa muka gauraya shi duka da rairayi da busasshen kashin awaki, muka watsa, yara suka bi baya suna jan reshen aduwa don ya ɗan rufe. Ba a binne shi da zurfi, ƙwayar komayya ba ta fi ƙwayar rairayi ba. A kusurwar arewa akwai fako, inda ruwa ke gudu bai shiga. Can muka haƙa ramuka masu siffar rabin wata da diga da shebur, faɗin kowane mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa. Malaman gona sukan ce 313 ke cika hekta guda, mu dai ƙarfinmu bai kai nan ba. Bayan mako uku muka sake bin garmanin da ya biyo baya, sannan muka ƙara bi sau ɗaya kafin ya yi fure.

Tsaro ya fi tuge garmani wuya. Muka ɗauki masu gadi biyu, Bahaushe da Bafulatani, kowane gida na ba da tiyar hatsi. Na ɗauka da baƙin makiyaya za mu sha fama, amma su da an nuna masu turaku, an ce da arɗo aka yi, sai su kaɗa shanunsu su wuce. Ɓarnar daga cikin gida ta fito. Da haki ya bushe, wasu ƴan garinmu suka riƙa shiga da dare da amalanke da manjagara suna kwasa don kasuwa. A ganina manjagara ta fi garken shanu ɓarna nesa ba kusa ba, domin saniya tana ci ta bar kashi, ta tattake iri cikin ƙasa, ita kuwa manjagara tana tafiya da haki da iri da fatar ƙasa gaba ɗaya, ta bar wa garmani fili a share. Ina da yaƙinin haka huruminmu ya mutu tun farko. Dokar makiyaya ta 2010 ma ta sa wa kwasar haki don kasuwa iyaka, sai dai doka ba ta kwana a daji. Da aka kama mutum na farko, ɗan ƙanwar mai gadin ne, kuma har yau uwarsa ba ta gaisawa da ɗan'uwanta da daɗi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kwamiti ne ya yanke tara, amma mai gadi ne ya kwana da ita.

Ba mu sa lauje ba sai Nuwamba, bayan mun ga iri ya zuba. Gadagi kaɗai muka riga tsinka, shi ma rabi, don in ya bushe a fili ganyensa kakkaɓewa yake yi, kuma ganyen ne abincin. Sauran muka yanka muka bar taƙi guda a ƙasa, muka share hanyar wuta kewaye da wurin. Hakin muka ajiye a inuwa har bazara, sannan aka sayar wa ƴan gari da ƴan ruga farashi ɗaya, ƙasa da na kasuwa, kuɗin ya shiga asusun gadi. Jajayen awakina, irin namu na Maraɗi masu tagwaye, a wannan bazara ba wadda ta yi ɓari, kuma bijimaina sun shiga huɗa da ƙarfinsu. A damana ta gaba muka roƙi gamba daga iyakokin gonaki, muka tsattsaga gindinta muka dasa a bakin kowane rabin wata. Kusan rabi ta mutu, wadda ta kama kuwa yanzu ta fi ni tsayi.

Akwai abin da ba mu sa a lissafi ba. Mai gadi ne ya zo mini da asuba yana cewa in zo in gani: zabuwar daji ta yi ƙwai a gindin gamba. Rabon da a ji kukan zabin daji a gabashin garinmu, samarin da suka nemi a raba hurumi ba su ma san shi ba. Bayan su fakara ta dawo, da zomo, da bushiya, kurciyoyi kuma suna sauka garke-garke kan ƙwayar guɗe-guɗe, shamuwa da balbela na bin fara. Waɗannan duk abu biyu suke nema wurin haki, ƙwaya da maɓoya, kuma garmani bai ba su ko ɗaya yadda ya kamata. Tsofaffinmu suna cewa kafin farin 1973 har barewa ana gani daga bayan gari. Yau wanda ke son ganin ta sai ya nufi Gadabeji a ƙasar Bermo, dajin da aka keɓe tun 1955, mai faɗin hekta 76,000, wanda UNESCO ta sa cikin jerinta a 2017, inda kuma aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Ɗan Baffa yana kiwo a wajejen can da damana, ya ce ƙarangiya da komayyar da muke lallashi a nan su ne shimfiɗe a can, ƴan barewa na kwance a ciki ba ka ganin su sai ka kusa taka su. Ba na sa ran barewa za ta dawo mana, gonaki sun kewaye mu ta ko'ina. Amma na kai wa Maigari magana, na ce: "Ranka ya daɗe, a bar wa tsuntsayen nan wani yanki da lauje ba zai taɓa ba." Ya yarda, ya kuma sa aka yi shela cewa duk yaron da aka kama da ƙwan zabo ko ya shiga da karnuka, ubansa zai biya.

Bana mun buɗe kashin farko ga dabbobi bayan zubar iri, mun rufe na biyu. Garmani bai tafi ba. Irinsa na kwance cikin ƙasa, kowace damana sai ya leƙo, musamman ta gefen burtali inda ba mu da ikon hana shiga, kuma Juma'ar Yuli ta zama tamu da shi. Mutanen da ke fitowa gayya sun ragu, har na fara tunanin a riƙa rage wa mai zuwa kuɗin dami. Makon jiya dattawan wani gari da ke kudu da mu suka zo neman iri. Baffa ya ce kada a sayar masu, a ba su rance. Mun auna masu buhu biyu, komayya da ƙarangiya da gadagi a gauraye, za su mayar bayan kaka biyu, kuma ya yi masu alkawarin zai je da kansa ya nuna masu marak kafin su saki tumakinsu a ciki.